Tambayi Kawu: Me ke cikin tukunyar 'yan Biyetnam?

Tun ranar da na yi suɓutar baki a wannan shafi, na ce na shekara bakwai ina cin abincin dare a wani ɗan gidan abincin 'yan Biyetnam da ke ƙasan benen da na yi haya a Paris, wasiƙu suka ƙi ƙarewa. Wasu tambaya suke yi, wasu kuma tuhuma ce aka naɗa mata rawani. Na tsamo shida. Waɗanda ba su ga tasu ba su yi mini uzuri, shafin ne ba ya miƙewa.

Tambaya: Assalamu alaikum Kawu. Ni ɗalibi ne, shekarata ta farko a Faransa. Abokan ajinmu kullum gidan abincin 'yan Biyetnam na bayan makaranta suke zuwa don ya fi arha, ni kuwa sai in ce na ƙoshi alhali cikina yana kiran ciroma. Naman alade nake tsoro, takardar abincin kuma ko kalma ɗaya ba na ganewa. Akwai abin da zan iya ci a can, ko in ci gaba da haƙuri da burodi da kifin gwangwani?
— Ɗalibi, Liyon

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Tsoronka ba na banza ba ne. Alade shi ne naman da aka fi ci a Biyetnam, kuma yakan shiga inda ba ka zata ba. Amma yunwar da kake kwana da ita ba dole ba ce. Bari in ba ka labarin wautar da na tafka, ka ga inda ramin yake.

Watana biyu ke nan a gunduma ta 13 ta Paris, tsakanin titin Choisy da titin Ivry, inda 'yan gudun hijirar Biyetnam da Kambodiya da Laos suka yi matsuguni tun shekarun 1970. Kalma ɗaya tak na haddace: bò, wato sa. Sai na ɗauka na sauke karatu. Wani dare ana tsananin sanyi na duba takarda na ga bún bò Huế, na dangwala yatsa a kai ina wata ƙasaita. Aka kawo kwano jajawur, mai yana yawo a sama, ƙamshin ciyawar nan mai kama da lemun tsami ya cika mini hanci. Na sa cokali na juya don ya huce, sai ga gunduwar ƙafa ta taso, fatarta fara tas mai kauri, kusa da ita ga wani abu mai launin hanta an yanka shi gida-gida yana rawa. Na dai san sa ba shi da irin wannan ƙafa. Na ajiye cokali.

Matar mai gidan, wadda kowa ke kira cô, wato gwaggo, ta hango ni na yi tagumi ta taho. Da Faransancinta mai karyewa da nawa da bai fi nata ba muka gane juna: ƙafar ta alade ce, mai rawar kuma jini ne aka daskarar. Ba ha'intata ta yi ba. Haka ake dafa wannan miya a Huế, tsohon birnin sarakunansu, ƙashin sa da na alade a tukunya guda. Ta ɗauke kwanon ba ta karɓi ko sisi ba, ta juya bayan rasit ta rubuta mini kalmomi, wasu ta ja musu layi biyu a ƙasa. Takardar nan ta daɗe a aljihuna har ta yi laushi kamar tsumma.

Abin da na fahimta tun daga daren shi ne, sunan da ke takarda yana gaya maka abin da aka ɗora a saman kwano ne kawai. Abin da aka dafa romon da shi, wannan sai ka buɗe baki ka tambaya.

Ga waɗanda ta ja wa layi. Heo da lợn duk alade ne, na farko bakin mutanen kudu, na biyu na mutanen arewa. Wadda ta fi yaudara ita ce thịt. Ma'anarta nama kawai, amma in ka gan ta ba a ambaci dabba ba, kamar thịt nướng, gasasshen nama, to kusan kullum alade ake nufi. Sườn haƙarƙarinsa ne, bì fatarsa ce da aka yayyanka siri-siri, chả lụa kuma niƙaƙƙen namansa da aka naɗe a ganyen ayaba aka dafa. Hủ tiếu miyar taliya ce da za ka gani da jatan lande a sama, amma romonta na ƙashin alade ne.

A Faransa akwai tarko biyu da suka fi kama baƙo. Na ɗaya nem, soyayyen naɗin nan da Faransawa ke mutuwar so, wanda cikinsa yawanci niƙaƙƙen alade ne. Na biyu abin da suke kira bò bún: taliyar shinkafa da ganye da soyayyen naman sa da gyaɗa. Sunan bai ambaci alade ba, amma al'adarsu a can su gutsuttsura nem su barbaɗa a sama. Ka ce a cire tun kafin a haɗa. Haka naɗin da ba a soyawa, gỏi cuốn, wanda kake hango jatan lande ta cikin fatar shinkafar. Sau da yawa akwai siririn yankan alade kwance a bayansa. Bánh mì, burodinsu da suka gada daga Faransawa, ko ka ce na kaza kake so, hannun mai haɗawa ya saba shafa niƙaƙƙiyar hanta a ciki kafin komai, hantar kuma ka san ta wane ce.

To me ya rage? Da yawa. Gà kaza ce, cá kifi, tôm jatan lande. Phở, miyar taliyar shinkafa da nama, wanda ake faɗi kamar "fa" a ja shi kaɗan, asalinsa romon ƙashin sa ne zalla ko na kaza, shi ya sa ya fi sauran aminci. Duk da haka wasu gidajen sukan ƙara ƙashin alade don rage kuɗi, ko su zuba garin ɗanɗanon da suke kira hạt nêm, wanda mafi yawan nau'insa da alade ake yi. Tambaya ɗaya ce: da ƙashin me aka dafa romon nan, kuma an sa gari? Matambayi ba ya ɓata. Ni ban taɓa ganin mai gidan da ya ji haushin wannan tambaya ba, wanda ya dafa nasa da gaske ma har alfahari yake yi.

Batun yanka kuwa, ni ba malami ba ne, ba zan yi maka fatawa a shafin abinci ba. Akwai gidajen da ke manna shaidar halal a ƙofa, ka nema. In babu, kuma zuciyarka ba ta kwanta da sa ko kaza ba, kalmarka ita ce chay, ana faɗinta "cai". Abincin masu bin addinin Buddha ne, babu nama babu kifi, awara ce da naman kaza irin na itace da ganyaye. Ko ka nemi canh chua cá, miyar kifi mai tsami da ake yi da tsamiya da abarba da tumatir da kuɓewa, a ci da shinkafa. Kifin da ake dafawa a tukunyar ƙasa, cá kho tộ, yana da daɗi ƙwarai, sai dai wasu kan sa masa kitsen alade, shi ma a tambaya.

Gobe ka bi abokanka.

Tambaya: Kawu barka da aiki. A unguwarmu a gabashin Landan akwai wani gidan 'yan Biyetnam, kwano fal da nama da taliya, amma kuɗinsa bai kama ƙafar na maƙwabtansa ba. Ni dai na san banza ba ta kai zomo kasuwa. Anya babu wani abu a ƙasa?
— Ma'aikaciyar jinya, Landan

Amsa: 'Yata, akwai abu a ƙasa, amma ba wanda kike tsoro ba. Ƙashi ne da lokaci.

Aikin dare nake yi a wancan zamani, a teburin karɓar baƙi na wani otal, sai wajen shida na safe nake dawowa. Ƙofar baya ta kicin ɗinsu a tsakar gidan benenmu take, kuma a buɗe nake samunta. Mijin cô, ɗan siririn dattijo da ban taɓa jin ya haɗa kalma goma a jere ba, ya riga ya tafasa ƙasusuwan sau ɗaya ya zubar da ruwan farko mai datti. Zan same shi a bakin famfo yana wanke su ɗaya bayan ɗaya, yana murza kowanne da yatsa kamar mai yi wa jariri wanka. Albasa da citta ya ɗora su kan wuta tsirara da ɓawonsu, sai sun yi baƙi ƙirin ya kankare. A busasshen kasko kuma yana juya kirfa da kanumfari da wani ɗan itace mai siffar tauraro, ya ƙulle su a ƙyalle ya jefa a tukunya. Daga nan wuta ƙasa-ƙasa, ba ya bari ta yi tafasar hauka, yana tsaye da ludayi yana kwashe kumfa. Kafin a buɗe da rana tukunyar ta yi awa shida. Wasu gidajen ma kwana take yi.

Yi lissafi da kanki. Ƙashi shi ne mafi arha a wurin mahauci. Yankan da suke sawa, nạm da gầu na gefen ciki da ƙirji, gân jijiya, sách tumbi, duk ba su ne Bature ke rububi ba. Ana kuma yanka naman siriri kamar takarda, kaɗan ya rufe fuskar kwano. Tukunya ɗaya ce ke ciyar da kowa tun rana har dare, haɗa kwano ba ya wuce minti biyu, mai ci ya gama cikin minti ashirin ya tashi wani ya zauna. Ma'aikatan kuma 'yan gida ne. 'Yarsu a teburin ƙarshe take aikin makaranta, littafi a dama, tiren ganyen da take tsinkewa a hagu. Babu shimfiɗar tebur, babu mai buɗe miki ƙofa. Gidajen da ke titin Kingsland a Hackney, can kusa da ku, da yawansu haka suka faro, a hannun iyalan da suka iso Birtaniya daga 1979, wasunsu bayan zama a sansanonin Hong Kong.

Ba na ce kowane mai arha na ƙwarai ba ne. Akwai masu yanke hanya, ruwan zafi da gari da farin magi, shi ke nan. Ga yadda nake ganewa. Kafin ki taɓa lemu ko barkono, ki kurɓi romon shi kaɗai. Na ƙashi garai-garai yake, kina hango taliya a ƙasa, zaƙinsa yana zuwa a hankali ya zauna, leɓɓanki su ɗan yi danƙo. In kika tafi da ragowa gida kika sa a firij, da safe za ki ga ya ɗan daskare. Na gari kuwa gishiri ne ke fara marin harshe, ya wuce nan take, ya bar ki da ƙishirwa har dare. Shi farin magi ɗan kaɗan ba laifi ba ne, har a Hanoi ana sawa. Laifin shi ne a ce shi kaɗai ke riƙe da kwanon.

Sai takardar abinci. In kika ga kala ɗari biyu, har da na Japan da na Tailan, ki san kicin ɗaya ba ya iya wannan da gaskiya. Gajeriyar takarda, tsofaffin 'yan Biyetnam zaune suna ci ba sa ko ɗaga kai, ganye tsaye ba ya yaushi, waɗannan sun fi mini kowace talla. Ku a can ma an sauƙaƙa muku: hukuma tana ba gidajen abinci makin tsabta daga 0 zuwa 5, wasu suna manna koren tambarin a gilashi, wanda bai manna ba kuma ana iya duba nasa a intanet.

Tambaya: Kawu ina gaisuwa. Maigidana ya kai mu wani gidan phở a titin Bellaire. An kawo nama ja ɗanye a saman miya, ga tulin ganye ba a dafa ba, ga wani ruwa mai wari a ɗan kwano. Shi da yara sun share nasu, ni na kasa. Yanzu kullum sai sun ce a koma. Ni ce da ƙauyanci ko su ne ba su da ƙyanƙyami?
— Uwar yara uku, Houston

Amsa: Hajiya, babu mai laifi a cikinku, an dai kawo miki abu ba a yi miki bayani ba.

Jan naman sunansa tái. Ɗanye ake shimfiɗa shi, a kwararo tafasasshen romo a kai, zafin ya dafa shi a gabanki. Da an ajiye kwano ki danna shi ƙasa da cokali, kafin ki gama gyara zama ya sauya launi. In duk da haka ranki bai so ba, ki ce chín, dafaffe ke nan tun daga tukunya. Mai juna biyu ma chín ɗin ya kamata ta nema, kuma ta ce a tsoma mata tsiron wake a ruwan zafi, su suna cewa giá trụng.

Ruwan mai wari shi ne nước mắm, kuma in gaya miki gaskiya, ko ba ki taɓa ɗan kwanon ba kin riga kin sha shi, domin yana cikin romon. Ƙananan kifin teku ne da gishiri, wajen kashi uku na kifi kashi ɗaya na gishiri, a jera a manyan gangunan katako a bar su kusan shekara, sannan a tace ruwan da ya fito, mai launin zuma. Na tsibirin Phú Quốc ya fi suna, har Tarayyar Turai ta ba sunan kariya a 2012 don kada wani ya ara. A hanci ba shi da kirki, wannan na yarda. Ni ma ranar da kwalba ta fashe mini a jaka sai da na yar da jakar. Amma a harshe, in an sirka shi da ruwa da sukari da lemun tsami da tafarnuwa da barkono, wani abu ne daban. Ki tsoma bakin cokali ki gwada kafin ki yanke hukunci. Wanda zan ce ki yi hattara da shi shi ne mắm tôm, mai kauri mai launin shuni-shuni, na jatan lande. Wannan ko a cikinsu ba kowa ke iyawa ba.

Shi kuwa tulin ganyen, tarihi ne a faranti. Phở ɗan arewa ne, a yankin Nam Định da Hanoi ya bayyana a farkon ƙarni na 20, kuma a can har yau ba sa cika masa kaya: romo, taliya, nama, albasa mai lawashi, sai soyayyen ƙullin fulawa da ake tsomawa. A 1954, bayan an ci Faransa da yaƙi a Điện Biên Phủ, yarjejeniyar Janiba ta raba ƙasar biyu, mutane kusan miliyan ɗaya suka yi ƙaura zuwa kudu da tukwanensu. Kudu ƙasa ce mai yalwar ganye da son zaƙi, sai aka ƙara masa ɗoɗɗoya, da wani dogon ganye mai baki kamar zarto, da tsiron wake, da miya baƙa mai zaƙi. Da Saigon, babban birnin kudu, ta faɗi ranar 30 ga Afrilu 1975, 'yan kudun ne suka fi fita, su suka cika Houston da Kalifoniya, shi ya sa irin nasu kike gani. Lambobin da ke jikin sunayen gidajen ma, 54 ko 75 ko 79, sau da yawa shekarun ƙaura ne mai gida yake tunawa.

Ba dole ki juye farantin duka ba. Ki tsinki ganye uku ko huɗu, ki yayyaga da hannu, ki matsa lemu kaɗan. Abu ɗaya ne nake roƙo, kuma a nan ina da tsattsauran ra'ayi: kada ki bari yaran su tsiyaya baƙar miyar nan da jan barkono mai hoton zakara kai tsaye a cikin romo. Mutum ya tashi tun asuba yana kwashe kumfa don ruwan ya fito garau, kai kuma ka zo ka mai da shi kwata. A zuba a ɗan faranti, a riƙa dangwala nama. Shi mai zakaran ma ɗan gudun hijira ne ya ƙirƙiro shi, David Tran, a Los Angeles a 1980, kuma sunan kamfanin, Huy Fong, daga sunan jirgin ruwan da ya fitar da shi daga Biyetnam ya samo shi.

Tambaya: Kawu, ban iya cin abinci da tsinkayen nan biyu ba, kunya nake ji. In nemi cokali mai yatsu raini ne?
— Sabon ango, Balin

Amsa: Ba raini ba ne, ango, ka nema. Babu mai kallonka, kowa ta kwanonsa yake. In kana son koyo, tsinke a dama, cokali a hagu: ka ɗebo taliya kaɗan ka ɗora a cokali, ka tsoma ya ɗauki romo, ka kai baki. Zuƙa da ƙara ba abin kunya ba ne a wurinsu. Abin da za ka kiyaye ɗaya ne, kada ka soke tsinkayen a tsaye cikin shinkafa, domin haka suke kafa turaren tsinke ga mamatansu. Kuma kada ka sa farar riga.

Tambaya: Ranka ya daɗe Kawu. Zan je birnin Ho Chi Minh sarin kaya, mako biyu zan yi, wataƙila in leƙa Hanoi. Ba na son abincin otal, tsada kuma ba daɗi. Ina zan ci cikin kwanciyar hankali?
— Ɗan kasuwa mai shirin tafiya

Amsa: Alhaji, Allah ya kai ka lafiya. Ka fara da masallaci. A tsakiyar birnin, a titin Đông Du, akwai babban masallacin da Musulmin kudancin Indiya suka gina a 1935, kuma kewayensa akwai gidajen abincin halal. Kusa da kasuwar Bến Thành kuma akwai ɗan gajeren titin Nguyễn An Ninh, wanda saboda yawan baƙin Maleshiya har titin Maleshiya ake ce masa. A nan za ka ci phở na sa hankalinka kwance, galibi a hannun 'yan ƙabilar Cham, Musulmin ƙasar, waɗanda da yawansu daga yankin Châu Đốc suke, kusa da iyakar Kambodiya. A Hanoi masallacin Al-Noor yana titin Hàng Lược a tsohon gari. Ka yi salla ka tambayi na kusa da kai a sahu, da ɗan gari akan ci gari.

In kasuwa ta kai ka nesa da waɗannan, nemi allon da aka rubuta cơm chay. Za ka ga abinci jere da sunayen nama, har da sườn chay, kada ka firgita, awara ce da alkama aka yi wa siffar nama. Muddin chay na ƙarshen suna, babu dabba a ciki. Ranar 1 da 15 ga watansu na gargajiya wuraren nan cika suke yi, don ranakun ne mutane da yawa ke ƙaurace wa nama, sai ka je da wuri.

Allon da za ka fi gani shi ne cơm bình dân, shinkafar talaka. Tire-tire ne a bayan gilashi, ka nuna da yatsa a ɗora maka, ka zauna a 'yar kujerar roba da ba ta kai gwiwa ba. Arha kam babu kamarsa, sai dai ludayi ɗaya ke yawo tsakanin tire, alade kuma ya fi rabi. Ni da na je, ƙwai da kifi da ganye na tsaya a kai, wani lokacin ma na wuce. A Hanoi kowa zai ce maka sai ka ci bún chả, abin da Obama ya ci da Anthony Bourdain, mai shirin abinci na talabijin, a 2016 aka biya dala 6. Gasasshen alade ne, ka gode musu kawai. In ka ga chó ko cầy a allo, kare ne. Tiết canh kuma ɗanyen jini.

Kada ka dogara da bakinka. Harshensu na da karin sauti har shida, kai kuma Bahaushe ka san yadda kuka na ido ya bambanta da kuka ta daji, to nasu ya ninka haka. Ka sa a rubuta maka a takarda: Tôi không ăn thịt heo, ba na cin naman alade. Ka nuna, ka nuna tukunyar romo ma. Kiran mai kawo abinci em ơi ne in ƙaraminka ne, chị ơi in mace ce da ta ɗan girme ka. In ka gama ka ce tính tiền, a yi lissafi.

Kuɗinsu đồng ne, sifili kamar a bakin ƙwarya. Kwanon phở a gefen titi dubun-dubata ne, a 'yan shekarun nan wajen 40,000 zuwa 60,000. Ka lura da takardar 20,000 da ta 500,000, dukansu shuɗi-shuɗi ne, da dare a ƙarƙashin fitilar titi ido na iya ruɗewa. Ka raba musu aljihu. Jiƙaƙƙen tawul ɗin da ke cikin leda a tebur ba kyauta ba ne, in ka farke za a sa maka a lissafi, kodayake kuɗin kaɗan ne. Ba a saba ba da tukuici a irin waɗannan wurare ba. Phở kuma a can abincin safe ne tun asali, gidajen da suka amsa sunansu wasu kafin azahar tukunya ta ƙare sun kife kujeru.

Tambaya: Kawu, na sha kofinsu mai ƙanƙara bayan cin abincin dare, ban runtsa ba sai da aka yi kiran assalatu. Me suke sawa a ciki?
— Direban tasi, Sidni

Amsa: Ba su sa komai ba, malam direba, kofin ne haka. Biyetnam ce ta biyu a duniya wajen noman kofi bayan Burazil, kuma mafi yawan nasu nau'in robusta ne, daga tsaunukan yankin Buôn Ma Thuột. Sinadarin hana barcin da ke cikinsa ya kusa ninka na arabica da aka fi sayarwa a shagunan Turawa. Ga shi kuma ba a tsinka shi. Ɗan gwangwanin ƙarfen da aka ɗora maka a bakin kofi, phin, ɗigo-ɗigo yake sakin ruwa na minti huɗu ko biyar a kan madara mai kauri mai zaƙi, wadda suka saba da ita tun zamanin Faransawa lokacin da ɗanyar madara ke wuya. Zaƙin da sanyin ƙanƙara su suka rufe maka ɗacin, ka shanye kamar ruwa. Cà phê sữa đá ke nan. Ni da nake aikin dare shi ne abokina, kai kuwa ka sha shi kafin azahar.

Da dare ka nemi shayinsu mara ƙarfi, trà đá, wanda gidaje da yawa ke bayarwa kyauta, ko chanh muối, lemun tsamin da aka jiƙa a gishiri. In kana son mai nauyi, sinh tố bơ, markaɗaɗɗiyar fiya da madara. Sai dai ka nuna a takarda da yatsa. Bơ daban, bò daban. Ni na taɓa faɗa da baki, 'yar cô ta ajiye biro ta shiga kicin tana ƙyalƙyala dariya, tana gaya wa uwarta wai maƙwabcinsu na sama yana so a markaɗa masa sa da ƙanƙara.